Hannu a Kafaɗar Kofur Barmo

A ƙasan adakar Gwaggo Tasalla,
tsakanin kwalbar miskin da ya ƙafe
da takardar fanshon da asu ya karanta kafin mu,
na iske mutum tara a tsaye.
Shekara tamanin ba su zauna ba.
Gajeren wando, hula mai lanƙwasa,
bayansu wani daji da ba irin namu ba.
Bama, in ji Gwaggo,
can inda ruwa ba ya gajiya da zuba.

Baturen kaɗai ke kan kujera.
Shi kaɗai ke da suna a bayan katin.
Sauran ƙirga su aka yi,
kamar buhunan gyaɗa a kan sikeli.

Na ƙarshe daga dama kakana ne, Kofur Barmo.
Kunnuwan gidanmu ba sa ɓuya.

Lawwali na Ƙofar Ƙaura ya wanko mini kwafi ashirin.
Gwaggo ta ga reza a hannuna, ta yi salati:
"Ɗiyar nan, mamaci za ki yanka?"
Na ce, inuwar inuwarsa ce, Gwaggo,
shi yana nan cikin adaka, lafiya lau.

Na tayar da Baturen, ban wulaƙanta shi ba,
na ba shi wuri a layin baya, ya ɗanɗana tsayuwa.
Na zaunar da Barmo.
Na zare bindigar daga hannunsa a hankali,
kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro,
na liƙa masa karan rake a gurbinta.
Dajin na sassabe shi da almakashi,
na dasa Gobarau a bayansu,
da wayoyin lantarki, da keken haya mai ruwan ɗorawa,
da tikitin motar Jibiya,
da wani yanki na zanen Gwaggo
ya zama sararin samaniya.
Gam ya kama yatsuna har magariba.

Sai hannun.

A kafaɗar Barmo akwai hannu.
Yatsu huɗu, da zoben azurfa,
mai shi yana can wajen katin,
inda mai ɗaukar hoto ya ga duniya ta ƙare.
Ba ni na yanke shi ba.
An riga ni.

Na ara masa jikin tela, bai hau ba.
Na gwada ɗan acaɓa, na gwada malamin firamare,
na gwada ƙanena da rigar kammala karatu.
Duk wanda na liƙa sai hannun ya ƙi shi,
kamar jinjirin da aka miƙa wa baƙuwa.

Gwaggo ta jawo tabarma, ta kai katin bakin fitila.
Ta daɗe.
"Wanga hannu na Mantau ne.
Ɗan Rimi. Shi ke ɗaukar masu ruwa.
Baba ya ce zazzaɓi ya ci shi, ba harsashi ba,
suka rufe shi cikin laka,
ba wanda ya tabbatar ina ne gabas."
Ta sake shiru.
"Kullum Baba zai yi alwala
sai ya shafa kafaɗar nan tukuna.
Muna ce ciwon sanyi ne."

Na ajiye reza.

Yanzu aikin yana rataye a zaurenmu na Rafindaɗi.
Masu shigowa suna dariyar raken,
suna neman Baturen har su gano shi.
Daga dama na bar farar takarda,
tsawon mutum, faɗin mutum,
ban shafa mata ko ɗigon gam ba.

Jiya wani yaro mai kawo mana ruwa
ya sauke jarkarsa, ya tsaya daidai wurin.
La'asar ta jefa inuwarsa kan takardar.
Gwaggo ta ce kada kowa ya yi magana.